Manhajar da ba ta jin yaren injinka

Lawali: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma daga nan Yamai. Lawali ne, ga Malam Isuhu, ga Hadiza. Tun makon jiya zaurenmu na WhatsApp bai huta ba, saboda wani ɗan'uwa daga Tawa ya ce ya sayi injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, irin 1325 mai tebur milimita 1300 da 2500, yana bisa hanya, yana tambaya wace manhaja zai koya: Fusion, Aspire ko Mastercam. Mun shirya mu bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe kowa ya ba da maki.

Isuhu: Dakata da makin nan. Wane akwati ne ke tuƙa injin? Ya faɗa?

Lawali: Bai faɗa ba, Malam.

Isuhu: To ka gani. Bai ga bakin doki ba, yana cinikin linzami. Injunan Sin da ke shigo mana, wani Mach3 ne, wani NcStudio ne, wani kuma ɗan abin riƙewa a hannu ne na RichAuto, ka zuba masa aiki da kile. Dukansu G-kod suke ci, wato rubutun umarnin da injin ke bi, amma kowane da irin miyarsa. Ita manhaja hanyar da meshi, wato ƙarfen da ke yanka, zai bi kawai take zanawa. Mai mayar da zanen zuwa yaren injinka wani ɗan fayil ne da ake kira fos-furosesa. Ni tafinta nake ce masa. In babu tafintan injinka a ciki, ko ta nawa ce, ado ka saya.

Hadiza: Amma Malam, ai ana iya gyara shi. Yawancinsu rubutu ne, ka buɗe ka canza kan fayil ɗin.

Isuhu: Ke kike iyawa, ɗiyata, ke da kika yi boko. Bari in ba ku labarin ƙofar Alhaji.

Lawali: An zo wurin. Masu saurare, karo na huɗu ke nan.

Isuhu: Ko na goma ne sai na faɗa. Katako mai kauri milimita 40, ni da kaina na zaɓo shi a kasuwar Katako. Fure za a sassaƙa, zurfin farko milimita 3. Ashe ranar da ta wuce yarona ya gwada wani fayil da ya sauko da shi daga intanet, mai G20 a samansa, wato ma'aunin inci. Injin ya kwana a inci. Ni kuma tafintan da na zaɓa ba ya rubuta G21 a farkon aiki, balle ya mayar da shi milimita. Na danna. Injin ya ga 3, ya ɗauka inci 3 ne.

Hadiza: Milimita 76 da ɗoriya ke nan, tunda inci ɗaya 25.4 ne.

Isuhu: Ya huda ƙofar, ya shiga tebur, meshi ya ce ƙas. Guntun ya wuce ta gefen kunnena ya bugi langa-langa. Ban zagi yaron ba, don laifina ne. Da na ɗaga meshin sama na bar shi ya yi yawonsa a iska tukuna, da na gani tun a layi na biyar.

Hadiza: Abin da nake so a ji ke nan. A allo, manhajar ta nuna masa furen ya fito tsaf. Kwaikwayon da take yi na hanyar meshi ne, ba ta san halin da injin ya kwana a ciki ba. Saboda haka in zan gwada manhaja, ba na kallon bidiyonsu na talla. Aiki guda nake ba ta: murabba'i mai milimita 100, da'ira a tsakiya, da rami huɗu. In fitar da fayil in karanta. Akwai G21? Akwai G90, mai sa injin ya auna komai daga sifili guda? Da'irar da G2 ko G3 ta fito, wato umarnin lanƙwasa, ko kuwa ta daddatsa ta zuwa ƙananan layuka ɗari biyar? Tsofaffin akwatuna in suka sami irin wannan sai su riƙa tafiya suna tsayawa, gefen aikin ya fito da zane-zane.

Lawali: To mu koma kan sunayen. Fusion.

Hadiza: Ina son ta, don zane da shirin yanka duk wuri ɗaya suke. Ka canza faɗin rami, ka sake lissafi, hanyar meshi ta bi. Amma ta Autodesk ce, abonma ake biya, kuma ayyukanka a intanet take ajiye su. Tana yin aiki ba koneksiyo na ɗan lokaci, daga baya sai ta nemi ka shiga. Mai shago ya yi wannan lissafin tun da wuri. Ta kyautar kuma ba ta kasuwanci ba ce, kuma tun 2020 suka cire mata saurin G0, wato gudun meshi in ba ya yanka, da canza meshi kai tsaye.

Isuhu: Ni dai ArtCAM na iya, da ita zan tsufa.

Hadiza: Malam, ta riga ka tsufa. Autodesk ta sayi Delcam, kamfanin da ya yi ta, a 2014, ta daina ArtCAM a 2018. Carveco ce ta gaje ta. Waɗanda ke yawo a kile a gari fasassu ne, su ne ke cika kwamfutar shago da cuta.

Isuhu: Tsohuwar zuma ai da ita ake magani. Amma gaskiya, mai ƙofofi da allunan talla da gadaje, VCarve ko Aspire na kamfanin Vectric sun ishe shi. Sau ɗaya kake saya, ba ruwanka da intanet, kuma tafintoci sun yi yawa a ciki. Suna jera maka guntaye a falankin MDF mai 1220 da 2440 har ka rasa abin zubarwa. Ƙananan guntaye ne kawai matsala, in meshi ya yanke su sai su yi tsalle. Ko ka bar musu ƴan gadoji da za su riƙe su a jikin falankin, ko ka bar siririn ɓawo a ƙasa, kamar rabin milimita, ka dawo ka cire daga baya. Turawa ɓawon albasa suke ce ma wannan dabara.

Lawali: Albasa! Wallahi na san sai ta shigo. Ba'adare ko a gaban kwamfuta sai ya sami hanyar Galmi.

Isuhu: Ba ni na raɗa sunan ba.

Lawali: Ƙila wani ɗan ciraninku ne ya kai musu.

Isuhu: Kai da ba ka taɓa shuka ko lawashi ba. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake lodin ta. Ku mutanen Maradi mi kuka kai?

Lawali: Mu ke saye muna sayar muku da ribarku.

Hadiza: Ni tambayata, ɓawon ja ne ko fari?

Isuhu: Ja mana, ɗiyata. Fara ai ba ta ajiyuwa.

Lawali: Wato rabin milimita na ja ya fi rabin milimita na fara.

Isuhu: Ka je rudu bayan wata huɗu ka gani. Kakana a rudu yake ajiye ta tun daga girbi har farashi ya tashi, ba firiji ba komai, iska kawai ke ratsawa ta ƙasa. Yanzu yara sun cika mata taki, wata biyu ta fara ruɓewa.

Lawali: Masu saurare, kuna tare da shirin noman rani.

Hadiza: Mu dawo, don akwai abin da ke ƙona wa mutane meshi. Lambobin gudun da manhaja ke zuwa da su ba na injinka ba ne. Ka yi lissafinka: juyi 18,000 a minti, meshi mai baki 2, kowane baki ya ɗebi milimita 0.1, ya ba ka milimita 3,600 a minti. Mutane na jin tsoro su sa 800, sai meshi ya daina yanka ya koma gogawa, katako ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Manhajar kirki ita ce wadda za ka ajiye meshinka da lambobinka a ciki, gobe yaronka ya same su yadda ka bari.

Isuhu: Ƙara da wuta. Sassaƙa mai tudu da kwari tana cin awa shida, bakwai. Kuran ya ɗauke a awa ta biyar, kafin a tada gurup an rasa wuri. Shi ya sa nake raba aiki: sharar fage fayil ɗinta daban, gyaran fuska daban, kuma ina rubuta sifilin X da Y, wato wurin da injin ke fara awo, a jikin bango da alli. Duk manhajar da za ta wahalar da ni wajen raba fayil, na sallame ta.

Lawali: Saura Mastercam da FreeCAD, ga lokaci ya tafi.

Hadiza: Mastercam tun 1983 take, Sandvik ta saye ta a 2021. Ta masu ƙarfe ce, masu manyan injunan Fanuc da Haas, masu motsi ta kusurwa biyar. Mai 1325 ba ya buƙatar ta. FreeCAD kyauta ce, ba ta neman intanet, fitowa ta 1.0 ta zo a Nuwamba 2024, kuma tana da tafintan akwatunan GRBL da LinuxCNC da Mach3. Sai dai tana son haƙuri, kuma ba ta sassaƙar fure ba ce.

Lawali: To makin fa? Malam, bisa goma.

Isuhu: Ba ni ba da maki sai ya turo hoton akwatin.

Lawali: Hadiza?

Hadiza: An fara kiran magariba, Yaya Lawali.

Lawali: Shi ke nan, maki sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ɗan'uwa na Tawa, ka ɗauki hoton akwatin da abin riƙewar, ka turo a zaure.

Isuhu: In motar da za ta kawo injin za ta dawo Yamai, ya sako mana buhu ɗaya. Ja.