Hotunan Io na 1979 da har yau ba a gama wanke su ba

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan kalli hotunan nan guda biyu da ke kan allo. Na hagu jajir yake kamar an barbaɗa masa yaji, na dama kuwa ruwan ɗorawa ne mai haske-haske, komai ya fito tas. To wuri ɗaya ne, kuma kumbo ɗaya ne ya ɗauko su a 1979. Bambancin duk a wajen wanki yake.

Wannan shi ne Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita, wadda malamanmu ke kira Mushtari. Galileo Galilei ne ya fara hango shi a 1610. Faɗinsa kusan kilomita 3,640, wato ya ɗan ɗara watanmu kaɗan, amma duwatsu masu aman wuta sun kai wajen 400 a kansa. Dalili kuwa matsi ne, Jupita na ja ta nan, 'yan uwansa Europa da Ganymede na ja ta can, ƙasarsa ta kumbura ta sace har kusan mita 100, kamar dai ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya har ta ɗau zafi a hannunka.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun ranar farko wanke hoto ne ya tona asirin Io. Kumbon Voyager 1 ya gifta ta kusa da shi ran 5 ga Maris 1979, ya wuce abinsa. Ran 9 ga wata wata injiniya a JPL, cibiyar hukumar sararin samaniyar Amurka NASA da ke sarrafa kumbon, mai suna Linda Morabito tana duba wani hoto da aka ɗauka daga nesa, ita fa ba aman wuta take nema ba, taurarin da ke bayan Io take so su fito don a lissafa inda kumbon yake, sai ta ƙara wa hoton haske sosai, kawai sai ga wani abu kamar lema ya tashi a gefen watan, tsayinsa kusan kilomita 300. Toka da hayaƙin dutsen da aka sa wa suna Pele kenan. Wannan ne karo na farko da aka kama dutse yana aman wuta a wajen duniyarmu, kuma da ba a taɓa hasken hoton ba da ya wuce salin alin.

Yanzu mu zo kan kyamarar, don nan labarin yake. Irin ta gidan talabijin na da ce, mai kwalba a ciki, ɗigo 800 a tsaye 800 a kwance, jimla 640,000, ko miliyan ɗaya bai kai ba, ƙaramar wayar da ke aljihunka ta ninka ta sau da yawa. Kwalbar kuma tana karkata hoto, musamman ta gefe-gefe, shi ya sa aka zana ƙananan ɗigo baƙaƙe a fuskarta da gangan, an san ainihin inda kowanne yake, idan hoto ya iso sai a duba yadda suka goce a miƙe hoton da su, daga baya a share su a cike gurbin.

Sai launi. Kyamarar baƙi da fari take ɗauka. In ana son kala sai a ɗauki hoto ta gilashi mai launin lemo, a juya a ɗauka ta shuɗi, a sake juyawa, kuma karanta hoto ɗaya kaɗai yana cin daƙiƙa 48, a tsakanin nan kumbo ya matsa, Io ma ya juya, to ka ga in ka ɗora su kan juna haka nan ba za su hau daidai ba. Ga shi kuma ba ta ganin ja sosai, sai aka sa na lemo a gurbin ja, sauran ma aka matsa su, shi ya sa Io ya fito jajir a mujallu har Turawa suka riƙa kamanta shi da fiza. Da idonka za ka je, ruwan ɗorawa za ka fi gani da fari-fari, saboda farar wuta ce ta lulluɓe shi.

Kumbon Galileo da ya isa can a Disamba 1995 kyamararsa ta fi kyau, amma shi ma da tasa matsalar. Babbar eriyarsa mai kama da lema ta ƙi buɗewa tun 1991, dole aka koma kan ƙaramar, aka riƙa matse hotuna kafin a turo, irin yadda hoto ke dagulewa in ya sha yawo a WhatsApp. Ga kuma radiyeshan na Jupita, wato ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke yawo kewaye da duniyar, da ke watsa wa hoto farin ɗigo kamar an zuba gero. A Oktoba 1999 ma hotuna da yawa a hargitse suka iso, sai da injiniyoyi suka gano yadda aka yi suka cakuɗe sannan suka warware su. Wata guda bayan nan kumbon ya ɗauko hoton wuta na tsartuwa daga wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 25 a wani yankin aman wuta na Io mai suna Tvashtar, haskenta ya fi ƙarfin kyamarar har wurin ya zama fari fat.

To me masu sake wankin suke yi yau? Ɗanyen hotunan suna nan a rumbun NASA da ake kira PDS, kyauta, kowa zai iya saukewa, kuma da yawa daga masu wannan aiki ba ma'aikatan NASA ba ne, sha'awa ce kawai da haƙuri. Akwai manhaja mai suna ISIS ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ita ma kyauta. Za ka cire dattin kyamara, ka miƙe karkatar, sannan ka ɗauko bayanan inda kumbon yake da inda ya fuskanta a daidai wannan daƙiƙar, ka shimfiɗa kowane hoto a kan ƙwallo a cikin kwamfuta, a nan ne launukan ke hawa kan juna daidai. In wuri ɗaya an ɗauke shi sau uku ko huɗu sai ka haɗa su, datti ya ragu, abin da ke ƙasa ya fito. Aikin da a da sai manyan injinan JPL, yau laftof na yin sa.

Ni dai inda nake da ja shi ne masu zuba hoton cikin AI su ce sun gyara. AI ƙirƙiro ɗigo yake yi, zai iya zana maka tsagar da babu ita a Io, ya yi kyau a ido amma ba za a auna komai da shi ba.

Kuma awon shi ne amfanin duk wahalar nan, don Io ba ya zama da fuska ɗaya. Har yau ba a ga ramin faɗuwar dutsen sama ko ɗaya a kansa ba, aman wuta na binne su. A 1997 cikin 'yan watanni dutsen Pillan ya shimfiɗa baƙin tabo mai faɗin kilomita 400. Da kumbon Juno ya gifta a nisan kilomita 1,500 ran 30 ga Disamba 2023 da kuma 3 ga Fabrairu 2024, sai aka ɗauko hotonsa na Fabrairu aka jera da na Galileo na Nuwamba 1997, wuri ɗaya, kusa da wani dutsen aman wuta mai suna Kanehekili. Ga su nan a allo. A tsohon fili ne fayau babu komai, a sabon kuwa ga dutse ya fashe, ga baƙin malala ya kwarara gefe, ga jan tabon farar wuta a ɗaya gefen.