Fodkas: Hahotoe, ƙauyen da aka yaye wa gonaki

Rabi: Jama'a, barkanmu da war haka. Yau Malam Sani ya ce sai ya kai mu Togo, wani ƙauye wai shi Hahotoe.

Sani: Eh, Hajiya, yana arewa maso gabas da Lome, ba wani nisa. Manoman rogo ne da masara. A 1952 aka gano fosfet a ƙarƙashin gonakinsu, wato dutsen da ake haɗa takin zamani da shi, kuma a 1961 kamfanin Faransawa ya fara fitar da shi ƙasashen waje.

Rabi: To ai arziki ya zo har gida.

Sani: Ya zo, amma bai kwana ba. Ba rami ake haƙa a shiga ba, ƙasar saman ake yayewa ɗungurungum da manyan injuna. Gona ta tafi ke nan, wani lokacin har gida, a tashi mutane a kai su wani wuri. Dutsen kuwa a loda shi a jirgin ƙasa zuwa garin Kpeme da ke bakin teku, a wanke, ya hau jirgin ruwa.

Rabi: Masu gonar fa?

Sani: Kuɗin haya ake ba su, wanda sun daɗe suna kukan bai taka kara ya karya ba.

Rabi: Tsaya, Malam. Ba gwamnati ce ta karɓe kamfanin ba?

Sani: Ta karɓe. Ranar 24 ga Janairun 1974 jirgin saman Shugaba Eyadema ya faɗi a Sarakawa da ke arewacin Togo, ya tsira, ya ɗora laifin a kan masu kamfanin, bai ɓata lokaci ba ya mai da shi na gwamnati. Sai aka yi dace farashin fosfet ya yi tashin gwauron zabi. Aka ciwo bashi, aka gina manyan otal-otal, har da matatar mai. Daga 1975 farashin ya zube, bashin ya zauna daram.

Rabi: Allah sarki. Aka ci biki a Lome, aka bar ƙauye da ramuka.

Sani: Da ƙura. Ki duba haƙoran yaran yankin, da yawa sun dafe saboda sinadarin fuloraid da ke cikin dutsen. Lakar wankin kuma teku ake zuba wa, masuntan Kpeme na ta ƙorafi.

Rabi: Har yanzu ana haƙar?

Sani: Ana yi. Tun 2007 wani kamfani mai suna SNPT ke riƙe da aikin, shi ma na gwamnati ne.