Ƙwaro, Wanka da Caji: Lacca a kan Hausar Matasa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Kwanakin baya ina alwala a tsakar gida, sai na jiyo ɗan ƙanwata a zaure yana waya: "Baba, wallahi yaron nan ƙwaro ne, shege ne a lissafi!" Na ajiye buta na fito zan tsawatar masa. Ashe yabo yake yi. Wanda yake kira Baba kuma sa'ansa ne, ajinsu ɗaya. Uban da ya haife shi kuwa sunansa tsoho, uwar tsohuwa. (Dariya)

Wannan shi masana harshe ke kira sara, wato salon maganar da ake yayi. Ku lura, ba kasafai matasa suke ƙirƙiro kalma daga sama ba. Ta gida suke ɗauka su juya mata riga. In ka buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ma'anar farko ta ƙwaro ita ce wannan halittar da ke cin hatsi ko ta ciji mutum. Yau a bakin yaro, ƙwaro gwani ne. Maye, wanda a da in an jefe ka da shi sai ka bar gari, yanzu mutum da bakinsa zai ce shi mayen Barcelona ne. Yarinya tana da mugun kyau, mota tana da bala'in gudu. Kalmar tsoro ita ta fi nauyi a baki, shi ya sa ake aro ta don zuzuta abu.

Wadda ta fi burge ni ita ce wanka. Da, ruwa ne da soso da sabulu. Yanzu in aka ce wane ya ɗau wanka, babu ruwan kowa da bokiti. Shadda ake nufi wadda ta sha bugu, da hula zanna, da agogo, da takalmin da bai taɓa ganin ƙura ba. Amma sauya wasali ɗaya ka ce an wanke shi, to wannan sai jaje, an yi masa wayo an cinye masa kuɗi.

Akwai kuma sarar ɓoyewa, kuma nan ne ba na dariya. Ƙwaya ta gero ce da dawa, ganye na miya ne, caji na waya ne. Uwa za ta ji ɗanta yana cewa abokinsa ya yi caji, ta ɗauka maganar batir ce, alhali buguwa ake nufi. Kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, an daɗe ana irin wannan zance a gaban iyaye ba su gane ba. Haka sara da suka, aikatau biyu na manomi da mafarauci, suka haɗu suka zama sunan gungun ɓata-gari a Bauchi da Jos.

Sara dai ba ta son manya. Ranar da na ce wa yaron nan ya ɗau wanka, kallona ya yi ya ce, "Kawu, don Allah ka bari, kana ɓata kalmar."

Shugaba ya nuna mini agogo. Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.