Tsirkiyar gitar ta yi sama? Ajiye kile alen ɗin tukuna

[Hoto: hannu yana murɗa kile alen a cikin ramin gitar]

Wannan murɗawar da kuke gani ita ce ake ta yaɗawa a TikTok da WhatsApp. Wai in tsirkiyar gitar ɗinka ta yi sama tana yanka maka yatsu, ka zura kile alen, ka yi ta juyawa har ta sauko. Samarin Birni da na Zango sun yi ta musu a kai, har na Mirriya da Magariya sun shigo. Wannan ya ce ya gwada ta yi, wancan ya ce ya gwada gitar ta koma zizar ƙudan zuma. Dukansu gaskiya suka faɗa, yanzu za ku ga dalili.

A fara da awo. Saita tsirkiyoyinka yadda kake kiɗa da su, ka riƙe gitar a cinya, kar ka kwantar da ita. Ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuya, daga kai zuwa na 12. Ɗora rula a kan ƙarfen, ka duba tazara zuwa ƙasan tsirkiya. Mai kauri, wajen milimita 2.5. Siririyar ta ƙasa, tsakanin 1.5 da 2. Wannan da ke hannunmu, duba: 3.5. Wanda ke koyo da irin wannan, sati biyu ya jingine ta a bango ya ce kiɗa ba nasa ba ne, alhali laifin na gitar ne. Abin yana yi mini ciwo.

To, ga inda ake ɓata.

[Hoto: gitar ta gefe, ana hango tsawon wuya daga kai]

Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan nan da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Kamar baka ne da tsirkiyarsa: ana ja, itace na lanƙwasa. Shi ya sa aka binne rodi a cikin wuya, daga kai har kusan inda ya haɗu da jiki, don ya ja baya. Aikinsa ke nan kaɗai, ya ƙayyade yawan lanƙwasar tsakiyar wuya. Ba ya taɓa tsayin jaki, wato katakon da aka manna a fuskar gitar inda tsirkiyoyi ke ɗaure, ba ya taɓa ƙashin da tsirkiya ke zaune a kai, ba ya gyara yadda wuya ya zauna a jikin gitar.

Me ya sa wasu suka ga ta yi? Saboda nasu wuyan da ma ya lanƙwashe fiye da kima. Da suka ɗaure rodi wuya ya miƙe, tsirkiya ta ɗan matso. Sun yi sa'a, ciwon ya dace da maganin. Amma wanda wuyansa da ma a miƙe yake, in ya ɗaure, tsakiyar wuya ce za ta turo sama. Saurara.

[Sauti: ziza a ƙarfe na 1 zuwa na 5]

Kun ji? Ƙarafan farko duk sun ɗauki ziza, a na 12 kuwa tsirkiya ba ta sauko yadda ake so ba. Mutum ya ga haka ya ƙara murɗawa, ya ƙara, sai ka ji ƙas. Ko notin rodi, wanda kile ke kamawa, ya cinye, ko rodi ya karye a ciki. Ciro shi sai an ɓamɓare allon ƙarafan gaba ɗaya, kuma a kan gitar mai araha kuɗin aikin ya fi kuɗin gitar. Garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka kafin ka taɓa kile, tambayi wuyan. Sa kapo, wato abin da ke matse duk tsirkiyoyi a wuri ɗaya, a ƙarfe na 1. In babu kapo, fensir da roba sun isa, ko ƙanenka ya danne maka. Da hannun dama danne tsirkiya mai kauri a ƙarfe na 14, inda wuya ya shiga jiki. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi. Sunkuyo ka dubi ƙarfe na 7. Ƴar tazarar nan da ke tsakaninsa da tsirkiya, ita muke nema. Ana son wajen milimita 0.2, ko ƙasa kaɗan, ko sama kaɗan. Makanikan babur suna da siraran ƙarafan auna tazara, ka ara. In ba ka samu ba, takardar A4 ɗaya wajen 0.1 ce, ka haɗa biyu.

Duba da kyau. Takarda biyu sun shige suna ɗan gogar tsirkiya? Wuyanka lafiya lau yake. Mayar da kile cikin akwati, rodi ba shi da laifi ko da tsirkiya ta kai rufin ɗaki. Tazara ta yi faɗi har katin banki na shigewa yana rawa? Nan ne rodi ke da aiki. Babu tazara sam, tsirkiya na kwance kan ƙarfe? An ɗaure shi ya wuce, sassautawa yake so.

In za ka juya, ga yadda ake yi. Kile ya zama daidai girman noti, yawanci milimita 4 ko 5, ya zauna daram har ƙasa. Wanda ke lilo shi ke cinye noti. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan. Kana fuskantar noti, juyawa dama ɗaurewa ce, wuya ya miƙe. Hagu sassautawa ce, wuya ya lanƙwasa. Kwatan zagaye, ni ma na fi son rabin kwata. Tsaya. Saita tsirkiya, ka ba itace lokaci ya zauna, je ka sha shayi ka dawo, ka sake saka takardarka. In noti ya ƙi motsi da ƙarfin yatsu, kar ka sa masa kafaɗa, bar shi haka. Gitar mai tsirkiyar roba kuma sau da yawa ba ta da rodin ma, kuma don Allah kar a ɗaura mata ta ƙarfe.

Wuya ya daidaita, sake auna na 12. Tamu har yanzu 3.5, don ciwonta a nan yake.

[Hoto: an zare farin ƙashi daga jaki]

Leƙa ramin da ƙashin ya fito tukuna, wani lokaci akwai ƴar takarda ko siririn roba da aka ɗaga shi da su. Cire, ka iya gamawa a nan. In babu, lissafi ɗaya ne: ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, don haka in kana son sauke milimita 1 a can, 2 za ka rage a ƙashi. Ja layi da fensir. Shimfiɗa sanfefa kan gilashi, ka goga gindin, banda saman. Gindi ya fito sumul, musamman in akwai waya mai ɗaukar sauti a ƙasansa. Tsaya kafin layi, mayar, gwada. Ragewa na da sauƙi, mayarwa ce babu.

Ƙaramin ƙashin kai kuma, wanda tsirkiyoyi ke hawa kafin ƙarfe na 1, danne tsirkiya bayan ƙarfe na 2 ka dubi na 1: kusan taɓawa ake so. In ya yi tsawo, kai wa mai gyara, zartonsa daban ne.

Wani abu da masu bidiyon waje ba za su gaya maka ba, don ba su zauna Damagaram ba. Itacen gitar ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a Agusta fuskar gitar na shan danshi ta kumbura, ta ɗaga jaki, tsirkiya ta yi sama. Hunturu ya kama, itace ya bushe, fuska ta lotsa, tsirkiya ta sauko da kanta. In ka goge ƙashi da yawa a damina, a Janairu ziza za ta tarbe ka. Shawarata, ka yi ƙashi biyu: gajere na damina, dogo na rani. Ƙashin ƙafar saniya da aka dafa aka cire maiƙonsa yana yi sarai, kuma a kunnena ya fi robar da ake sakowa daga kamfani.

Saura dubawa ɗaya. Ɗora doguwar rula a kan ƙarafa ka tura ta zuwa jaki. In bakinta ya sauka daidai saman jaki, madalla. In ya soki ƙasa sosai, ga ƙashi ya riga ya gajarce, to wuyan ne ya durƙusa, kile da sanfefa ba sa kai wa nan. Haka in takarda na shigewa ƙarƙashin jaki ta baya: gam ya saki, galibi zafin mota ne ko na ɗakin kwano a watan Afrilu. Sassauta tsirkiyoyin nan take, ka kai ta wurin mai gyara. In ta dawo, ɗaura mata siraran tsirkiyoyi masu lamba 11 maimakon 12 ko 13, su rage mata ja.