Mujiyar Dutse Daga Arewacin Kanada

Zainab: Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Sani ya shigo mana da hoton wata mujiya da aka sassaƙa da koren dutse. Malam, duk tsuntsayen duniya ka rasa wadda za ka kawo sai mujiya?

Malam Sani: (dariya) Ai na san za a rina. Mu nan in ta yi kuka a kan katanga sai a hau a'uziyya. Amma mutanen Inuwit na arewacin Kanada, farar mujiyarsu abar ado ce. Wata mai zane, Kenojuak Ashevak, ta zana mujiya a 1960, har gwamnatin Kanada ta buga ta a jikin kan sarki na aika wasiƙa a 1970.

Bashir: To wannan ta dutsen fa, gadon kaka da kakanni ce?

Malam Sani: A nan mutane da yawa suke kuskure. Sassaƙa dai sun gada, amma ƙanana ne, na hauren dabbar ruwa da ƙashi, waɗanda za ka dunƙule a tafin hannu. Mutumin da ke ƙaura yana bin farauta, ina shi ina dakon dutse? Sai dai fitila, ita kam da dutse mai laushi suke yin ta, su zuba kitsen dabba.

Zainab: Yaushe abin ya canza?

Malam Sani: A 1948 wani mai zane, James Houston, ya je Inukjuak, wani garin Inuwit, ya ga irin waɗannan ƙananan sassaƙe-sassaƙe ya tafi da su kudu. A 1949 aka baje kolinsu a Montreal, cikin 'yan kwanaki suka ƙare. Lokacin kuwa farashin fatar farar yanyawa ya faɗi, wadda da ita suke samun kuɗi. Sai mafarauci ya ɗauki gatari da magagari.

Bashir: Kenan kasuwa ce ta haifi abin. Ni fa, Malam, sai na ji ya ɗan rage min armashi.

Malam Sani: Haba Bashir! Kasuwa ta sa su yi, amma ba ita ta ba su ido ba. Wanda ya kwana a kan ƙanƙara yana dakon dabba, ya feɗe ta da hannunsa, ya san inda kowace gaɓa take lanƙwasa. Dubi wuyan dinyar da suke sassaƙawa, yadda take juya shi baya tana gyara gashinta. Ko barewar ƙanƙara ta Osuitok Ipeelee, ƙafafu sirara kamar tsinke, a dutse fa! Bugu ɗaya ya kauce, aikin ya tashi a banza.

Zainab: Ni wanda ya ba ni dariya shi ne farin beyar mai rawa.

Malam Sani: Pauta Saila ne ya yi suna a kansa. Ƙaton dutse tsaye a kan ƙafa ɗaya, bai faɗi ba. Shi da Osuitok duk 'yan Kinngait ne, garin da a da ake kira Cape Dorset, a yankin Nunavut. Tun 1959 mutanen garin suke da ƙungiyar gama-kai da ke sayen aikinsu.

Bashir: A cikin ɗaki suke aikin, da wannan sanyin?

Malam Sani: Galibi a waje, saboda ƙura. Yanzu da injin giranda suke fara fitar da siffa, ƙurar dutse ta rufe mutum fari fat. Daga nan sai magagari, sai samfefa da ruwa har dutsen ya yi sheƙi. Dutsen ma sai an je nesa a kwalekwale da rani an haƙo shi.

Zainab: Na jabu fa? Don abin da ya yi kasuwa ba ya rasa masu kwaikwayo.

Malam Sani: Akwai su, na roba da ake zubawa a masana'anta. Shi ya sa tun 1958 ake maƙala wa na gaske wata 'yar takarda mai hoton ɗakin ƙanƙara. A da gwamnati ke riƙe da ita, a 2017 ta miƙa ta ga gidauniyar fasahar Inuwit.

Bashir: Yaya Zainab, in an ba ki mujiyar kyauta, za ki ajiye ta a falo?

Zainab: Ni zan ajiye. Surukata ce dai ba za ta sake shigowa ba.