Zuciyar wani a ƙirjin wani

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likita ya gabatar a Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Waɗanda suka taso daga Rigasa da Kawo da Tudun Wada cikin wannan rana, sannunku da hanya.

Da labarin wani uba zan fara. A watan Disamba na 1967, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, mota ta kaɗe matarsa da 'yarsa Denise Darvall, mai shekara 25. Uwar ta cika nan take. 'Yar aka kai ta asibiti ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi. Bawan Allah bai gama jin mutuwar farko ba likitoci suka zo suna roƙon zuciyar 'yarsa. Ya ba su. Ranar 3 ga wata Dakta Christiaan Barnard ya dasa ta a ƙirjin Louis Washkansky, dashen zuciya na farko ke nan tsakanin mutum da mutum. Duniya ta riƙe sunan likitan. Ni uban nake tunawa.

Kwana 18 Washkansky ya yi, ciwon huhu ya kashe shi. Me ya sa? Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙo. Garkuwar jiki tana ganin sabuwar zuciya ta far mata kamar cuta, dole a ba da maganin da zai danne garkuwar. To in ka danne mai gadi, ɓarawo ya samu ƙofa. Sai da maganin cyclosporine ya shigo a farkon shekarun 1980 masu dashe suka fara daɗewa sosai.

Ga inda iyalai ke yin kuskure. Suna ɗauka ranar fitowa daga tiyata ita ce ranar gama jinya. Wallahi ranar ake fara wata. Maganin nan kullum ne har ƙarshen rai, ga gwajin jini, ga kaffa-kaffa da mura da tari. Na san gidan da aka sayar da fili aka yi dashen ƙoda, aka yi walima, ba wanda ya lissafa kuɗin magani na wata-wata. Da aljihu ya bushe maigidan ya fara tsallake kwana, ya ɓoye wa matarsa don kunya. Ƙodar da ƙaninsa ya ba shi ta lalace, ya koma wankin ƙoda. Har yau ƙanin ba ya son a tayar da zancen.

Dashen da muka saba da shi a nan na ƙoda ne, daga mai rai. An fara a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya, amma iyayena, ku ji tsoron Allah wajen zaɓen mai bayarwa. A taron dangi ido kan sauka kan wanda ba ya iya cewa a'a: ƙanwar da ba ta yi aure ba, ko yaron da ake riƙo. Shirun kunya ba yarda ba ne. Sayarwa kuwa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta, kun kuma ga yadda shari'ar Sanata Ekweremadu ta ƙare a Landan a 2023, inda aka ɗaure shi kan kai wani matashi can don a ciri ƙodarsa.

Zuciya daban take, mai rai ba ya bayar da ita. Galibi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ake ɗauka, inji na busa masa numfashi, kuma in an ciro ta awa huɗu zuwa shida kawai take jurewa. Uwa tana taɓa ɗanta ta ji ɗumi, ka ce mata ya rasu? Ga mu da gaggauta jana'iza. Malamai suna nan, ba zan shiga gonarsu ba, illa dai majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ciki har da izinin mamacin ko magadansa, ba kuma ciniki. Akwai malaman da suka saɓa, hujjarsu alfarmar gawa.

An miƙo mini takarda daga ɓangaren mata. Hajiya tana tambaya, in aka sa wa mijinta zuciyar wani, zai ci gaba da son ta? Ku daina dariya, tambaya ce mai kyau. Hajiya, tsokar nan famfo ce mai harba jini, hali da tunani ba sa biyo ta. Abin da ke canzawa shi ne an yanke jijiyoyin saƙon da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, shi ya sa takan buga da ɗan sauri ko yana zaune, kuma ciwo na iya taso mata bai ji zafi a ƙirji ba. In kin ga ya cika fushi ko barci ya ƙaurace masa, wani lokaci maganin ne, ki gaya wa likitansa. Na ga ladan ya miƙe, sauran takardun sai bayan la'asar.