Sharhi: Kafin ɗan kwana-kwana ya kutsa cikin hayaƙi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Idan aka ce 'yan kwana-kwana, jiniya da mesar ruwa ne ke fara zuwa mana a rai. Su kuwa da isarsu wurin gobara, tambayar farko da shugaban ayari yake yi ita ce ko akwai wanda ya rage a ciki. Amsar da ya samu a bakin ƙofa ita za ta sa ya tura mutanensa ciki, ko ya tsaya daga waje yana feshi.

Wanda aka tura ɗin fa ba gani yake yi ba. Hayaƙi daga sama yake taruwa yana saukowa, don haka rarrafe yake yi, hannu ɗaya manne da bango, ɗayan yana lalube. In da bangon dama ya fara, ba zai sake shi ba, domin shi ne zai maido shi ƙofar da ya shigo. Ba a shiga mutum ɗaya. A Amurka tun 1998 doka ta ce in biyu sun shiga, wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su. Tukunyar iskar da ke goye a bayansa minti 30 aka rubuta mata, amma ga mai jan jiki cikin zafi da kaya masu nauyi, sau da yawa kafin minti 20 ta fara kukan ƙarewa. Shi ya sa zagayen farko da sauri ake yinsa: bayan ƙofa, gindin taga, kan gado, sannan ƙarƙashin gado da cikin durowar kaya, saboda yaro in ya tsorata ɓuya yake yi. Sai an ci ƙarfin wuta ake sake bi a tsanake, kuma wasu daban ake turawa, don su ga abin da ya kuɓuce wa na farko.

Ranar 3 ga Disamba, 1999, a birnin Wusta na jihar Masachusets a Amurka, wuta ta kama wani tsohon siton ajiyar nama mai hawa shida da aka daɗe da daina amfani da shi. Wasu mutum biyu marasa muhalli ne ke kwana a ciki. Kyandir ɗinsu ya faɗi, wuta ta tashi, suka fice abinsu ba su gaya wa kowa ba. Aka shaida wa jami'ai cewa akwai masu kwana a ginin, sai aka shiga nema. Benayen sama ba taga, ɗakunan sanyi ne birjik masu kama da juna, bangon kuma an lulluɓe shi da kayan tsare sanyi masu fitar da baƙin hayaƙi. 'Yan kwana-kwana biyu suka ɓata, suka kira ta rediyo cewa iskarsu na ƙarewa. Huɗu daga cikin waɗanda suka shiga nemansu su ma ba su fito ba. Daga nan ne shugabansu, Mike McNamee, ya tare ƙofa da jikinsa ya hana saura shiga, alhali suna ta roƙon ya bar su. Sai da aka yi kwana takwas kafin a gano gawa ta ƙarshe.

Akwai masu cewa tun farko bai kamata a shiga kango ba. Ni dai ban ga laifin shigar ba. An ce da rai a ciki, kuma aikin ke nan. Abin da ya ci mutum shida shi ne ginin da ba su san cikinsa ba, da labarin da bai iso musu ba. Bayan wannan musiba ne birnin ya shiga sanya wa kangaye masu haɗari alama a jikin bango, kuma aka ƙara ba da ƙarfi ga kyamarar da ke hango zafin jikin mutum a cikin hayaƙi.

To, a garuruwanmu ba kowace tasha ke da irin wannan kyamara ba, don haka bakin mutanen gida ya fi komai tsada. Amma me muke yi? Mota na tsayawa a yi mata caa, wannan na ihun akwai yara, wancan na rantsuwar an fitar da su, wani kuma faɗan jinkiri ya kawo shi. A samu mutum ɗaya, mai gida ko uwar gida, ya ƙirga iyalinsa, ya faɗi wa ya rage, a wane ɗaki, ta wace ƙofa ake isa gare shi. Wanda ya tsira ta baya ko ya haura katangar maƙwabta, ya zo ya nuna kansa. Mai fita ya ja ƙofa ya rufe, domin rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska. Maƙwabcin da ke shirin afkawa ciki da jiƙaƙƙen bargo kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Sai kuma ƙarafan da muke gindaya wa tagogi don tsoron ɓarawo. Yanka su na cin lokacin da mai ceto ba shi da shi. Ga hunturu da gobararsa, a kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗuwa ta ciki, makullin kuma a rataye inda ko yaro zai kai hannu.